Fassarar Mandukiya zuwa Hausa: littafin aikina a kan sautin Om

12 ga Janairu, 2025

Yau na sayi littafin rubutu mai jan bango, na ware shi don wannan aiki kaɗai. Niyyata in fassara Mandukiya Upanishad zuwa Hausa, da ɗan bayani a ƙarƙashin kowane sashe. Ita ce mafi gajarta a cikin manyan Upanishad, tsofaffin littattafan hikima na mabiya addinin Hindu, kuma a ɓangaren Atharvaveda take, ɗaya daga cikin Veda huɗu, nassosinsu mafi daɗewa. Sashe 12 ne kacal, ba ta cika shafi biyu ba, kuma tun daga farko har ƙarshe a kan sauti ɗaya take magana: Om.

Shekara biyu ke nan ina birnin Pune na ƙasar Indiya ina karatun haɗa magunguna. Kullum idan na idar da sallar asuba, sai in ji wani dogon sauti yana ratsowa ta bango daga gidan maƙwabcina, sau uku, sannan tsit. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya a Kano ko Maraɗi ya san sautin nan, ya san alamar ॐ da ake zanawa a ƙofa da gaban mota. Amma ranar da Yayana ya tambaye ni a waya me take nufi, na rasa abin ce masa, alhali a tsakiyar masu ita nake zaune. Abin ya tsaya mini a rai.

Maƙwabcin nawa dattijo ne, tsohon malamin Sanskirit, harshen da aka rubuta littattafan nan da shi, wanda ya yi ritaya. Kowa a gidan Panditji yake ce masa, ni ma haka. Shi kuma beta yake kirana, wato ɗana. Ya yarda mu riƙa zama kowace Lahadi bayan la'asar. Na gaya masa tun yau cewa ni Musulmi ne, karatu na zo yi, ba zan rera Om tare da shi ba. Ya ce hakan ya fi masa daɗi a kan in yi don faranta masa.

19 ga Janairu

Zama na farko, kuma a kalma ta huɗu muka maƙale. Littafin ya buɗe da cewa Om, wannan akshara, shi ne duk abin da ke nan. Akshara na nufin gaɓar kalma, kamar yadda malaman nahawu ke cewa "gida" gaɓa biyu ce. Amma kalmar dai tana kuma nufin abin da ba ya lalacewa. Mai jin Sanskirit yana jin ma'anonin biyu a lokaci guda, mu kuwa ba mu da kalmar da za ta ɗauki kayan biyu. Na rubuta "gaɓar nan mara gushewa", na ja layi a ƙasa, zan dawo kanta.

Ragowar sashen ya fi sauƙi: abin da ya wuce, da wanda ake ciki, da mai zuwa, duk Om ne, abin da ya fi ƙarfin zamunnan uku, shi ma Om ne.

Na tambayi Panditji ta yaya sauti guda zai zama komai. Ya tashi ya ɗauko Chandogya Upanishad, ya nuna mini inda aka ce kamar yadda tsinke ke tsire ganyaye ya haɗa su wuri ɗaya, haka Om ke riƙe da dukkan magana. A ganinsu suna da abin da aka sa wa sunan ba sa rabuwa, don haka sautin da ya tattara magana duka ya tattara abubuwan da ake magana a kansu. Abin da ya fi ba ni mamaki wani wuri ne a farkon Chandogya ɗin, inda aka ce Om kalmar amincewa ce: idan mutum ya yarda da abu, sai ya ce Om. Ke nan a tsohon zamani tana aiki irin na "to" ko "na'am" a bakinmu. Wannan zai shiga bayani, domin ban taɓa jin wani ya faɗe shi ba a cikin masu tallar yoga.

26 ga Janairu

Ranar Jamhuriyar Indiya ce, gari duk tutoci. Mun yi zaman furuci kawai.

Ya ce in sa tafin hannuna a ƙirjinsa. Ya buɗe baki ya fara "a" daga can maƙogwaro, na ji ƙirjin yana rawa ƙarƙashin hannuna. Sannu a hankali ya tsuke leɓe sautin ya koma "u", rawar ta hau zuwa wuya. Da ya rufe baki a kan "m", sai ya ɗauke hannuna ya ɗora a tsakiyar kansa, can ma ƙashin yana zirr. Ya gama, ya yi shiru, bai buɗe ido ba sai da na ƙirga kamar goma a zuciyata. Ya ce, "Beta, wannan shirun ma a cikin karatun yake."

A ƙa'idar Sanskirit, idan a ta haɗu da u suna zama o, shi ya sa ake rubuta Om amma a fasa shi gida uku: a, u, m. Swami Vivekananda, a littafinsa na Raja Yoga na 1896, ya yi bayanin cewa sautin yana farawa daga tushen baki ya ƙare a leɓe, wato ya ratsa duk filin da ake haifar da haruffa. Wanda ya yi tajwidi ba zai sha wuyar gane wannan ba, don mun san mafitar haruffa daga maƙogwaro zuwa leɓɓa, mun san gunna. Su ma suna ƙirga tsawon sauti da abin da suke kira matra, kusan yadda muke ƙirga haraka a maddi. Wasu ma idan za su rubuta Om sukan sa lamba 3 a tsakiya don nuna cewa a ja shi matra uku.

9 ga Fabrairu

Na ci karo da babbar matsalar aikin, kuma daga Hausa ta fito. Kusan duk kalmar da muke da ita ta zancen ruhi da ibada, ta ƙofar Musulunci ta shigo mana. Tun a kan abin da zan kira rabe-raben littafin na fara gani: "aya" ta zo mini a baki, na mayar da ita, don Bahaushe in ya ji aya Alƙur'ani yake ji. Baiti kuma na waƙa ne, wannan zube ne. Shi ya sa na tsaya a kan "sashe".

Sashe na 2 ya ce duk wannan Brahman ne, kuma wannan atman shi ne Brahman. Na gwada "ruhi" a madadin atman, ya ƙi zama, domin ruhi a wurinmu halitta ne, ana busa shi, ana zare shi. Na gwada "rai", shi ma fita yake yi. "Kurwa" ta fi kowacce zama Bahaushiya, amma da ka ambace ta mai karatu ya tafi wajen mayu. Atman a wurinsu shi ne mai sanin da ke can ƙarƙashin duk wani tunani, wanda ba a haife shi ba kuma ba ya mutuwa. Na bar kalmar yadda take, na sa "ainihin kai" a bayani.

Brahman kuwa ba zan taɓa fassara shi da Allah ba, ko Ubangiji. In na yi haka na zalunci ɓangare biyu. Jimlar za ta koma "kai ne Allah", maganar da Musulmi ba zai iya karantawa ba, kuma ba haka masu littafin suke jin ta ba, tunda Brahman a makarantar Panditji ba Mahalicci ne da ya bambanta da halittarsa ba, shi ne samuwar da babu wata bayanta. Wannan aƙida ta saɓa wa tauhidin da na tashi a kai ta tushe. Zan faɗi haka ƙarara a gabatarwa, sannan in bar littafin ya faɗi tasa maganar da bakinsa.

Da dare na kira malaminmu na zaure a gida, na karanta masa abin da na rubuta. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ɗan nan, sanin abin da mutane suka yarda da shi ba laifi ba ne. Amma kada ka sa wa maganarsu rigarmu, kada kuma ka kwana ba ka yi wuridinka ba." Na ce, "Allah gafarta Malam, in sha Allahu." Maganar rigar nan na rubuta ta a bangon littafin.

16 ga Fabrairu

Sashe na 3 zuwa na 6 sun tafi a zama ɗaya. Littafin ya ce atman yana da pada huɗu, kalmar da ke nufin ƙafa ko rubu'i. Sharhin da ake jingina wa Shankara, babban malamin makarantar da Panditji ke bi, ya ja kunne cewa kada a ɗauka kamar ƙafafun saniya ne, kowace a tsaye daban. Kamar rubu'in kuɗi ne, ƙarami yana shigewa cikin babba. Na sa misalin kwata da rabi da cikakken mudu.

Na ɗaya halin farke ne, inda sani ya fuskanci waje, sunansa Vaishvanara. Na biyu mafarki, inda sani ya juya ciki. Sunansa Taijasa, mai haske, don ba rana ba fitila amma mutum yana gani. An ce kowannensu yana da gaɓoɓi 7 da baki 19. Sharhi ya lissafa bakunan: kafofin ji 5, gaɓoɓin aiki 5, iskokin jiki 5, da sassan zuciya 4. Ta nan duniya ke shiga mutum, shi ya sa aka kira su baki.

Na uku ne ya riƙe ni. Barci ne mai nauyi, inda mai barci ba ya son komai, ba ya mafarkin komai; sunansa Prajna. Mu muna cewa barci ƙanin mutuwa. Su sun kira wannan hali dunƙulen sani mai cike da daɗi. Hujjar Panditji ita ce, idan ka tashi kana cewa "na yi barci mai daɗi, ban san komai ba". To wa ya shaida daɗin, wa ya shaida rashin sanin? Kwana biyu ina juya tambayar. Ban karɓi amsarsu ba, amma tambaya ce ta gaske.

27 ga Fabrairu

Jiya daren Mahashivaratri ne, bikin abin bautarsu Shiva. Wurin bautar da ke bakin layinmu bai yi shiru ba har asuba, ana ta Om namah Shivaya. Kusan kowace addu'arsu da Om take buɗewa, kuma littafin dokokin Manu ya ce ɗalibin Veda ya faɗe ta a farkon darasi da ƙarshensa. Zan ƙara gajeren bayani cewa mabiya Buda da Jain ma suna da ita, kuma littafin Sikh da Ik Onkar ya fara, kowa da fahimtarsa.

Azumi ya ƙarato. Na gaya wa Panditji za mu dakata sai bayan salla.

20 ga Maris

Ba na fassara a watan nan, amma na karanta abin da ya ƙarfafa mini gwiwa. Abu Raihan al-Biruni ya koyi Sanskirit, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya kuma mayar da littafin yoga na Patanjali zuwa Larabci. A babin da ya yi kan rubutunsu ya ce Indiyawa suna buɗe littattafansu da Om kamar yadda mu muke buɗewa da Bisimilla, har ya zana alamar. Ya kwatanta wurin da kalmar take zama, bai ce ma'anarsu ɗaya ba. Hanyarsa zan bi.

Akwai wata hanyar, ta Dara Shikoh, ɗan Sarki Shah Jahan na daular Mughal ta Indiya, wanda ya tara malaman Hindu suka fassara Upanishad kusan 50 zuwa Farisanci a 1657, ya sa wa aikin suna Sirri Akbar. Shi yana neman dacewa ne tsakanin kalmominsu da na Sufaye. A 1659 aka kashe shi bisa umarnin ƙaninsa Aurangzeb. Daga fassararsa ce Bafaranshe Anquetil-Duperron ya yi ta Latin a 1801 da 1802, ta nan Turai ta fara sanin littattafan sosai. Ina girmama wahalar da ya sha, sai dai daidaita kalmomi irin nasa shi ne ainihin abin da Malam ya hane ni.

13 ga Afrilu

Zafi ya sauka a Pune, fanka iska mai zafi take hurawa. Mako biyu muna kan sashe na 7, kuma shi ne zuciyar littafin. Ga inda na tsaya:

"Ba mai sanin ciki ba ne, ba mai sanin waje ba, ba mai sanin duka biyun ba. Ba dunƙulen sani ba ne, ba sani ba, ba rashin sani ba. Ba a ganinsa, ba a hulɗa da shi, ba a kama shi, ba shi da alama, tunani ba ya cim masa, ba a iya ambatonsa. A nan hayaniyar duniya ta kwanta. Natsattse ne, mai alheri. Wannan suke ɗauka na huɗu. Shi ne atman, shi ne abin a sani."

Abu uku ke damuna. Na farko, Sanskirit yana da jinsin da ba namiji ba mace, da shi aka siffanta wannan na huɗun. Hausa dole ta ce shi ko ita, kuma da na ce "shi" sai ya zama kamar wani ne a zaune. Na biyu, wanda ya karanta littattafan tauhidi a zaure, ya san siffofin da ake kore wa Allah, kunnensa zai ɗauka nan ma haka ne, sai jimlar ƙarshe ta zo ta ce ai kai ake nufi. Dole bayani ya riga shi.

Na uku shi ne kalmar advaita, wadda na tsallake a sama da gangan. Fassarar da ta fi kusa da baki ita ce "ba shi da na biyu". Amma wannan a Hausa yabo ne, muna faɗinsa ga Allah da nufin ba shi da kini, har ga gwanin kokawa ma mukan faɗa. Su abin da suke nufi babu biyun ne sam: ba mai gani da abin gani, ba bawa da abin bauta. Na rubuta "babu biyu a cikinsa", na goge. Na rubuta "inda ba a ƙirga biyu". Wannan ta fi, amma ba ta kwanta mini ba tukuna.

Wani abu da na gano: kalmar turiya, sunan wannan hali na huɗu da ya shahara a littattafan yoga, ba ta cikin sashen nan. Chaturtha aka ce, wato na huɗu kawai. A baitoci 215 na wani tsohon malami, Gaudapada, da suka yi wa littafin sharhi ne turiya ta yi ƙarfi. Panditji kuma ya yi mini adalci, ya gaya mini ba duk Hindu ne ke kan wannan fahimta ba: Madhva, a ƙarni na 13, ya yi wa Mandukiya sharhi yana mai cewa rai da abin bauta daban suke har abada. Zan ambaci saɓanin.

11 ga Mayu

Jarrabawa ta ci mini mako uku. Yau mun gama 8 zuwa 11, inda aka ɗora haruffan uku a kan halayen uku. A ita ce farke, don ita ce farko kuma ta game ko'ina. U mafarki ce, don tana tsakiya. M barci mai nauyi ne, kuma dalilin da aka bayar shi ne awo da shigewa. Sharhin Shankara ya kawo misalin sha'ir da ake aunawa: a zuba a ma'auni, a juye. Haka farke da mafarki suke zubawa cikin barci su sake fitowa, haka a da u suke shigewa cikin m idan baki ya rufe, su sake fitowa a Om na gaba. Nan Hausa ba ta ba ni wahala ko kaɗan ba. Duk wanda ya tsaya gaban mai awo a kasuwar Dawanau ya ga abin da ake nufi.

25 ga Mayu

Na ga ba zan iya sakin aikin ba tare da babi a kan yoga kanta ba, tunda ta nan yawancin mutane suka ji Om. Mun karanta layuka huɗu na littafin yoga na Patanjali a babi na 1. Na 27 ya ce kalmar da ke nuna Ishvara, wato abin bauta a littafinsa, ita ce pranava, wanda shi ne ɗaya sunan Om. Na 28 ya ce a maimaita ta tare da halarto da ma'anarta. Na 29 ya ce daga nan hankali ke juyawa ciki, cikas kuma ya kau. Na 30 ya jera cikas 9, daga ciwo da kasala da shakka har zuwa kasa tabbata a matakin da aka kai.

Maimaitawar sunanta japa, da carbi mai ƙwaya 108 ake yi. Ban ce mata zikiri ba. "Maimaitawa" na rubuta. Mundaka Upanishad ta ce Om baka ne, atman kibiya, Brahman abin hari. Wata Upanishad ɗin, Shvetashvatara, ta kwatanta jiki da Om da itace biyu da ake murzawa har wuta ta tashi.

Da wannan nake ganin masu cewa Om motsin iska ne kawai, ba ruwansa da addini, ba su faɗa wa mutane gaskiya ba. Patanjali da kansa ya ɗaure sautin da ma'anarsa. Panditji ya fi ni jin zafin abin. Ya ce an ɗauki kalmar da kakanninsa suke mutuwa da ita a baki an mai da ita kiɗan ɗakin motsa jiki. Bhagavad Gita, sanannen littafinsu na addini, a babi na 8, ta yi maganar mai barin jiki yana furta Om, a kan haka yake magana. Musulmi ko Kiristan da ya shiga ajin yoga don ciwon baya yana da haƙƙin ya san me ake sa shi faɗa, ya zaɓa da saninsa. Bidiyon da ke yawo a WhatsApp wai an naɗi rana tana cewa Om, shi ma zan ba shi layi biyu: sauti ba ya tafiya a inda babu iska, kuma littattafan nan ba su dogara da irin wannan hujja ba.

22 ga Yuni

Damina ta sauka. Jiya ranar yoga ta duniya ce, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Disambar 2014, filaye cike da tabarmi. Panditji bai fita ba, ƙafarsa ta kumbura, don haka a bakin gadonsa muka zauna, matarsa ta kawo shayi mai citta.

Sashe na 12 gajere ne. Na huɗu shi ne amatra, wanda ba shi da awo, ba a hulɗa da shi, hayaniya ta kwanta a cikinsa. Wanda ya san haka, in ji littafin, yana shiga atman da atman. Na tuna shirun da ya yi ranar 26 ga Janairu hannuna a kansa, na ce masa to in rubuta "shiru". Ya girgiza kai. Ya ce shirun bayan sauti alama ce da malamai ke nunawa, amma abin da ake nufi yana nan tun kafin a buɗe baki, yana nan ana cikin furuci, kamar yadda wanda ya yi mafarki da wanda ya farka mutum ɗaya ne. In na ce shiru, mai karatu zai ɗauka wani harafi ne na huɗu da ke zuwa a ƙarshe. Na bar shi "mara awo", shirun ya koma bayani.

Sassa 12 yanzu duk suna da daftari. Saura gabatarwa, da babin Patanjali da na rubuta rabinsa, da kalmomi biyu da har yanzu layi ke ƙarƙashinsu, akshara da advaita. Na tura wa Yaya sashe na 3 zuwa na 6 ya karanta wa abokansa biyu da ba su taɓa jin labarin ba, don in ga inda za su tsaya. Panditji ya ce in ƙafar ta sauka, Lahadi mai zuwa in karanta masa Hausar da ƙarfi daga farko, ko da ba ya jin Hausa, yana so ya saurari tsawon jimlolin.